Yunwar 1973 Da Hatsin Taimako A Ƙasar Nijar

Tun daga 1968 ruwan sama ya fara ƙaranci a ƙasashen da ke bakin Hamada, amma sai da damunar 1972 ta ƙi sa'an nan abin ya kai intaha. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, rijiyoyi suka ƙafe, shanun Filani da raƙuman Buzaye suka riƙa faɗuwa a hanyar mashaya.

To, ga inda maganar take. Fari ba ya zuwa a ɓoye. Duk manomin da ya leƙa rumbunsa da kaka ya san abin da bazara za ta zo da shi. Amma gwamnatocin ƙasashen nan suka yi nauyin baki, don ba mai mulkin da ke son a ce talakawansa na kwana da yunwa. Su kuma masu ba da taimako suka tsaya jiran a roƙe su. Sai cikin watan Mayu na 1973 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yekuwa sosai. A watan Satumba ƙasashe shida, watau Nijar, Mali, Cadi, Sanagal, Muritaniya da Bolta ta Sama, wadda yanzu ake kira Burkina Faso, suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari a Wagadugu.

Hatsi ya zo kam, daga Amurka da Turai. Sai dai Nijar ba ta da bakin teku. Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai Paraku inda dogo ya ƙare, daga nan kuma sai motoci. Tsakanin Kwatano da Yamai ya fi mil 600, Agadas kuwa tana can gaba da kusan wani tamkar wannan. Da aka yi jinkiri har damuna ta faɗi, hanyoyi suka ɓaci, dole aka koma ga jiragen sama, waɗanda tsadarsu ba a magana. Wata jar dawar da aka aiko ma, a can ƙasarsu dabbobi ake ba, mutane suka ci ta don ba yadda za su yi. Buzaye da suka rasa dukiyarsu suka taru dubbai a sansanin Lazare, kusa da Yamai, suna jiran mudu.

Abin da ya fi ɓata wa talakawa rai shi ne ganin buhunan kyauta a kasuwa ana sayarwa da kuɗi. Ran 15 ga watan Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka tuɓe Shugaba Diori Hamani, suka ce manyan gwamnati sun ɓoye hatsin talakawa. Aikin da suka fara da shi shi ne buɗe ma'ajiyai, aka ɗora buhuna a motocin soja zuwa ƙauyuka.