Kayen da kwamfuta ke rubutawa, da mutanen da ke riƙe da shi

 Duk wanda ya taɓa shiga komisariya ya san babban kayen nan da ake kira main courante: wane ya zo ƙarfe kaza, ya kawo ƙara kaza. To, kwamfuta ma tana da nata. Wani ya shiga da kalmar sirri, wani ya gwada sau uku ya kasa, rezo ya yanke, duk tana rubutawa layi-layi tare da lokacinsa. Ranar da kuka aika kuɗi Maraɗi aka ce ba su isa ba, wannan kayen ne ake buɗewa a raba gardama, don rantsuwa ba ta aiki a nan.

Darajarsa ta fito fili tun 1986. A wani ɗakin bincike na Berkeley, a Amurka, wani ma'aikaci mai suna Clifford Stoll ya ga lissafin masu amfani da kwamfutarsu ya kauce da santi 75, kuɗin da bai kai jaka guda ba. Wani ne da ya share ya wuce. Shi sai ya bi sawun abin a rubuce, wata da watanni, har ya kai shi ga wani Bajamushe, Markus Hess, da ke kutsawa cikin kwamfutocin sojan Amurka yana sayar wa KGB ta Tarayyar Sobiyet abin da ya samo.

A garin Berkeley ɗin ne kuma, a jami'arsa, aka haifi manhajar da muke magana a kanta. A farkon shekarun 1980 Eric Allman yana aikin Sendmail, manhajar da ke raba wasiƙun imel, yana son sanin inda kowace wasiƙa ta maƙale. Sai ya rubuta wani ɗan magatakarda mai karɓar saƙo daga kowace manhaja ya ajiye wuri guda, ya sa masa suna syslog. Tunda tushensa a buɗe yake, abin da muke kira logiciel libre, kowa ya ɗauka ya yi amfani da shi. Kusan shekara 20 ana tafiya haka ba wata ƙa'ida a rubuce. Sai a 2001 aka fitar da takardar RFC 3164, ita ma ba doka ta kafa ba, ta dai bayyana abin da mutane suka riga suka saba yi.

Nan aka ga inda tsohon ya gaza. Yana rubuta wata da rana da sa'a, amma ba ya rubuta shekara, ba ya kuma faɗin agogon wace ƙasa ce. Ku duba: Yamai tana gaban Lome da Abijan da awa guda. Idan ɗanku ya aiko kuɗi daga Abijan, kaye biyu suka ce ƙarfe 9, wane ƙarfe 9 ɗin? Sannan yana aika saƙonsa zuwa wata kwamfuta ba tare da jiran a ce an karɓa ba, kamar ka jefa wasiƙa bayan babbar mota ka juya. In ta faɗi a hanya, shi ke nan.

Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin gyaran. A 1998 Balázs Scheidler na ƙasar Hangari ya fara syslog-ng. A 2004 Rainer Gerhards na Jamus ya fara rsyslog, shi ne kuma ya rubuta sabuwar ƙa'ida, RFC 5424, a Maris 2009, wadda ta sa shekara da agogon ƙasa cikin kowane layi. Daga 2011 wani sabon tsari, journald, ya shigo da nasa salo, aka sha gardama saboda ba a iya karanta kayensa kai tsaye sai da wata manhaja. Yau Debian 12, wadda ta fito a 2023, ba ta ma sa rsyslog sai ka nema da kanka.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne Disamban 2021. Akwai wata ƴar'uwar syslog mai suna Log4j, da ke cikin dubban manhajoji na bankuna da kamfanoni da gwamnatoci. Wani injiniya na kamfanin Alibaba a Sin ya gano cewa in ka rubuta wasu haruffa na musamman, ko da a wurin da ake sa suna ne, magatakardan zai karanta su a matsayin umarni, ya je ya ɗauko manhajar ɓarawo ya kunna ta. Mai rubuta sunan baƙi ya koma mai buɗe musu ƙofa. Ramin yana nan tun 2013, ba wanda ya lura. Su wa suka toshe shi? Ƴan tsirarun masu aikin sa kai na gidauniyar Apache, suka hana idonsu barci, suka fitar da gyara har sau huɗu kafin watan ya ƙare, manyan kamfanonin da ba su taɓa ba su ko dala ba suna ta aiko musu da tambayar yaushe za a gama. A Yulin 2022 wani kwamitin gwamnatin Amurka ya ce za a yi shekara 10 ko fiye ana cin karo da wannan rami, don gyaran ya fito amma ba kowa ya sa shi ba.

A nan ne maganar ta zo gida. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke biro-biro da shagunan unguwarmu na hannu ne. A cikin kowace akwai wani ɗan pil mai kamar kwabo da ke riƙe da agogo idan kuran ya tafi. In ya mutu, aka ɗauke wuta, agogon sai ya koma wata tsohuwar shekara, kayen kuma ya ci gaba da rubutu da ranar ƙarya, ba zai yi gardama ba. Mun tuna yadda muka sha ɗaukewar wuta daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kuran. Kowace ɗaukewa a irin wannan kwamfuta layi ne da ba zai tsaya a gaban alƙali ba, ga shi kuwa tun Yulin 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, kuma irin wannan shari'a da lokaci take tsayuwa: wa ya shiga, yaushe.

Sai sabuntawa. Manhajar kyauta ce, amma saukar da gyaranta yana cin forfe, duba ta yana cin lokacin teknisiyan. A ganinmu nan ne ake yi wa kai rowa: ana ware kuɗin sayen kwamfuta, a yi bikin buɗe biro, a sallami yaron da ya haɗa ta, ba za a sake kiransa ba sai ranar da faifai ya cika da kayen shekara biyar da ba wanda ya taɓa karantawa. Su ma tsarin suna da wa'adi. Ubuntu 18.04 ta daina samun gyaran yau da kullum a tsakiyar 2023, CentOS 7 ta rufe a 30 ga Yunin 2024. Mai biro ko shagon da ke da ɗaya daga cikinsu, rsyslog ɗin da ke ciki yana nan yana rubutu yadda ya saba, amma gyaran da Gerhards da abokan aikinsa suka yi bayan wannan rana ba zai iso masa da kansa ba.