Tsohuwar Kombi: a can gwanjo, a nan kilo

1/ Jama'a, ga zare kan motar da muke sayar wa 'yan gwangwan a kilo, alhali a waje rububinta ake yi: Volkswagen Kombi.

2/ A 1950 aka fara ƙera ta a Jamus. Daga 1951 kamfanin Westfalia ya riƙa sa mata gado da teburi, ta koma ɗaki mai tafiya. A Brazil aka ƙera ta ƙarshe, a 2013.

3/ Mu kam motar neman abinci ce. Ita ce danfo ta farko a Legas. Aka yi ta lodi har ta gaji.

4/ A 2017 kamfanin gwanjo na Barrett-Jackson a Amurka ya sayar da ƙirar 1965 mai tagogi 21 kan dala 302,500. E, mota ɗaya.

5/ Me ke sa kuɗin? Shekarar ƙira, yawan tagogi, fentin asali, lambar shasi ta dace da takardu, sannan rashin tsatsa.

6/ A nan muka fi Legas sa'a. Iskar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura busasshiya ce, ƙarfe na daɗewa. Abin da ke kashe darajar namu shi ne walda, canjin inji da ɓatan takardu.

7/ Haka Fijo 504 ɗin Kaduna. In akwai irinsu a bayan gidanku, kaji na kwana ciki, ku duba lambar shasi kafin gatari ya sauka. In aka sare, shi ke nan fa.