Kafa Gaɓar Ƙugu da Simintin Ƙashi: Bitar Sakamakon Dogon Zango

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi sakamakon tiyatar sauya gaɓar ƙugu wadda ake kafa ƙarfenta da simintin ƙashi. An dogara ne ga rahotannin da suka bi marasa lafiya shekaru masu yawa, da rijistocin ƙasashe, da gwajin asibiti kan masu karayar wuyan ƙashin cinya. Abin da ya bayyana shi ne siminti ya fi amfanar tsofaffi masu raunin ƙashi, kuma ƙarkon dashen ya rataya a kan siffar ƙarfen da hannun likita.

Gabatarwa

John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington da ke Ingila, shi ne ya daidaita wannan tiyata. A 1962 ya haɗa sandar ƙarfe mai ƙaramin kai, kimanin milimita 22, da kofin roba mai ƙarfi, ya kafa su duka da siminti. Simintin gari ne da ruwan sinadari da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, ya daskare cikin 'yan mintoci. Ba ya manne wa ƙashi kamar gam. Kutsawa yake yi cikin ramukan ƙashin ya cike su, ya riƙe ƙarfen ta haka. Shi ya sa tsabtar ramin ɓargo da ƙarfin matsa simintin suke da muhimmanci ƙwarai.

Ƙarkon dashe

Berry da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka sun ba da rahoto a 2002 kan dashen Charnley guda 2,000. Bayan shekara 25, kashi 86.5 cikin 100 ba a sake musu tiyata saboda sassaucin dashe ba, kashi 80.9 kuma ba a sauya musu dashen ba bisa kowane dalili. Shekarun mara lafiya ne suka fi tasiri: gwargwadon ƙuruciyarsa, gwargwadon saurin lalacewar dashen, kuma a wajen matasa kofin ya fi sandar saurin sassautawa.

A shekarun 1980 an ɗora laifin zaizayewar ƙashin da ke kewaye da dashe a kan siminti, lamarin da ya tura likitoci da yawa, musamman a Amurka, ga dashen da ba ya buƙatarsa. Daga baya aka ga irin wannan zaizayewa a dashen da babu siminti ko kaɗan, aka gano cewa ɓarɓashin robar da ke gogewa daga kofin ne babban musabbabi.

Siffar ƙarfe da dabarar zubawa

Tarihin sandar Exeter, wadda Robin Ling da Clive Lee suka ƙirƙiro a 1970, ya cancanci a tsaya a kansa. Sanda ce mai santsi, mai tsukewa zuwa ƙasa, ba ta da wuyan da zai tokare bakin ƙashi. A 1976 aka daina goge ta, aka bar jikinta da ɗan kaushi, sai sassauci ya ƙaru. A 1986 aka koma ga santsin. Bayanin shi ne sanda mai santsi tana ɗan nitsewa cikin simintin a hankali, tana ƙara matse shi da ƙashi, mai kaushi kuwa idan ta motsa sai ta riƙa kankare simintin. Siminti ɗaya ne, amma sakamako ya bambanta. Sai dai sandar mai santsi tana da nata aibin, domin rahotanni sun nuna ta fi wadda aka tsara ta riƙe siminti ƙam yawan haddasa karaya a kewayen dashe.

Dabarar zubawa ita ma ta sauya. Da farko da yatsa ake cusa simintin. Daga baya aka fara toshe ƙasan ramin ɓargo, a wanke shi da ruwa mai ƙarfi, a kwaɓa simintin cikin mazubin da aka zuƙe iskarsa, a cika ramin da bindigar siminti daga ƙasa zuwa sama, sannan a matsa. Rijistar Suwidin, wadda aka kafa a 1979, ta nuna raguwar sake tiyata bayan yaɗuwar waɗannan matakai. Rijistar Nowe, ta 1987, ita ce ta fallasa mummunan sakamakon simintin Boneloc, aka janye shi daga kasuwa a 1995. Tun 1970 kuma Buchholz da Engelbrecht a Jamus suka fara gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin siminti don rage ruɓewar dashe.

Tsofaffi masu karaya

A nan hujjar siminti ta fi ƙarfi. Gwajin WHiTE 5 da aka wallafa a 2022 ya ƙunshi mutum 1,225 'yan shekara 60 zuwa sama a Birtaniya, waɗanda aka sauya wa kan ƙashin cinya kaɗai. Bayan wata huɗu, waɗanda aka sa wa siminti sun ɗan fi waɗanda ba a sa wa ba jin daɗin rayuwa. Karaya a kewayen dashe ta sami kashi 0.5 cikin 100 daga cikinsu, a kan kashi 2.1 na ɗaya rukunin. Dalilin a fili yake: dashen da babu siminti dole a buga shi ya shiga da ƙarfi, ƙashin tsofaffi kuwa ba ya jure bugu.

Tattaunawa

Haɗarin siminti yana zuwa ne a kan teburin tiyata. Lokacin matsa shi, kitse da ɓargo na iya shiga jini su kai huhu, iskar jini ta ragu, awon jini ya faɗi. Donaldson da abokan aikinsa sun kasa wannan yanayi mataki uku a 2009, mafi muni shi ne tsayawar zuciya. Masu ciwon zuciya ko huhu sun fi shiga haɗari. A ganin marubucin wannan maƙala, wannan bai isa hujjar hana tsofaffi siminti ba; abin da yake buƙata shi ne wanke ramin sosai, sassauta matsi ga mai rauni, da sanar da likitan sa barci kafin a zuba.

Ɗaukar waɗannan alƙaluma a ɗora kan cibiyoyi irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana buƙatar taka-tsantsan. Da yawa daga masu neman wannan tiyata a yankin matasa ne masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda katsewar jini. Ramin ɓargonsu kan tsuke ya taurare, haɗarin ruɓewa ya fi yawa, kuma shekarun da dashen zai yi aiki sun ninka na tsoho, don haka likitoci da dama sun fi son dashen da ba siminti a wajensu. Akwai kuma batun zafi: siminti ya fi saurin daskarewa a ɗaki mai ɗumi, sai lokacin da likita yake da shi na zubawa da saita sanda ya gajarta. Cibiyar da na'urar sanyaya ɗakinta ba ta da tabbas tana buƙatar adana simintin a wuri mai sanyi, ta kuma rubuta zafin ɗakin tare da nau'in simintin a takardar kowace tiyata.