Buzu-buzu

Buzu-buzu kalma ce ta Hausa da ake siffanta gashi da ita idan ya yi yawa, ya tashi a hargitse, ba a taje shi ba kuma ba a gyara ba. Ana faɗin ta a kan sumar kai da gemu, da kuma gashin jikin dabba.

Ajin kalma

A nahawun Hausa, buzu-buzu tana cikin ajin amsa-kama, wato kalmomin da sautinsu ke zana kamannin abu. Ninki ce: ana furta rabin farko da karin sama, rabi na biyu da karin ƙasa, kamar tsamo-tsamo. Paul Newman ya keɓe wa amsa-kama babi guda a littafinsa na nahawun Hausa na 2000.

Asali

Kalmar tana da kusanci a sauti da ma'ana da buzu, fatar rago mai gashi da malamai ke shimfiɗawa don zama ko salla, da kuma buzurwa, akuya mai dogon gashi.

Amfani

Yawanci tana zuwa bayan sunan da take siffantawa, ko bayan aikatau "yi". Misali:

Ya shigo da kai buzu-buzu.
Gemunsa ya yi buzu-buzu.

Kalmar tana ɗauke da zargi. A Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, namiji kan je wurin wanzami aski, mace ta je kitso, jariri ma ana yi masa aski ranar suna. Don haka barin kai buzu-buzu kan nuna ƙazanta, rashin kula, jinya ko taɓin hankali. Uwa kan faɗa wa ɗanta ita a matsayin faɗa, amma faɗa wa babba ita rashin ladabi ne.

A Turanci

Sifar da ta fi kusa da ita ita ce dishevelled, wadda Amurkawa ke rubutawa disheveled. Ta fito daga tsohon Faransanci deschevelé, mai ɗauke da chevel, wato gashi, daga capillus na Latin. Da farko tana nufin gashin da aka sake ba rufi, daga baya ta haɗa har da yamutsattsun tufafi. Buzu-buzu kuwa ta tsaya a kan gashi. Idan tufafi ne, sai a ce sun yamutse ko sun cukurkuɗe.