Tsofaffin Mai Wurno da Kaburburan Burmi

Tsohon mayaƙi yakan so ya tsaya bakin kabarin abokinsa ko da sau ɗaya kafin ya bar duniya. Mutanen da suka kafa garin Mai Wurno a Sudan ba su sami wannan ba.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, da niyyar kaiwa Makka. Ran 27 ga Yuli aka auka musu a Burmi, kusa da kogin Gongola. Sarki ya faɗi, ɗaruruwan mutanensa suka faɗi tare da shi. Manjo Marsh, shugaban sojan Ingila, shi ma kibiya ta kashe shi. Aka ƙone garin.

Waɗanda suka tsira ba su ko zauna makoki ba. Suka bi ɗan Sarki, Muhammadu Bello Mai Wurno, har wajen 1906 suka sauka bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Can suka tsufa suna noman dawa, 'ya'yansu kuwa suka shiga gonakin auduga na Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Hanyar da ta ci shekaru a ƙafa, wane tsoho zai sake bin ta?

An san inda Attahiru da Marsh suke kwance a jihar Gombe. Talakawan da suka mutu ran nan fa, ba dutse, ba suna. Ko da wani tsoho ya koma, da sai dai ya tsaya a fili ya kira sunan abokinsa.