Daga Allo Zuwa Aji: Tarihin Hanyoyin Koyarwa a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu waiwayi yadda malaman ƙasar Gwandu, musamman yankin Jega da Aliero da Maiyama, inda garin Liba yake, suka tunkari wata matsala wadda har yau take ci wa malamai tuwo a ƙwarya, watau kasancewar yara ba su ɗaukar karatu ta hanya ɗaya ko a lokaci ɗaya.

Makarantar Allo

Tun kafin zuwan Turawa, makarantar allo ta riga ta sami nata maganin wannan matsala. Kowane almajiri yana da allonsa, kuma yana da inda karatunsa ya tsaya. Malam ba ya yi masa ƙari sai ya biya na jiya daidai, sa'an nan ya wanke allo. Mai kaifin basira ya yi gaba, mai nauyin kai ya biyo a hankali, babu wanda ake ja ko a tsayar saboda wani. Daɗin daɗawa, ana fara babbaƙu kafin farfaru, kuma an laƙaba wa haruffa sunayen Hausa, irin su mim jaye da ha kuri, domin siffar harafi ta zauna a zuciyar yaro. Sai dai kuma yaro yakan sauke Alƙur'ani bai san ma'anarsa ba, domin wannan sai a makarantar ilimi.

Malaman Jihadi

Shugabannin jihadin 1804 sun lura da wannan giɓi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, ya yi wa'azi ta hanyar waƙa ban da littattafansa na Larabci. Nana Asma'u (1793-1864) kuwa ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, watau shugabannin mata, suke haddace waƙoƙi na Hausa da Fillanci, su koma ƙauyukansu su koyar. A ganinmu hikimar ita ce, wanda bai iya karanta rubutu ba ya samu ilimi ta kunne, cikin harshen da yake ji.

Zuwan Boko

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903, sai Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Da boko ne aji ya shigo: malami ɗaya, baƙin allo ɗaya, darasi ɗaya ga kowa, jarrabawa kuma rana ɗaya. Wannan tsari ya kawo lissafi da labarin ƙasa, ya kuma ba malami ɗaya damar koyar da jama'a da yawa, amma ya ɗauka cewa duk yara kansu ɗaya. Illar haka ta ƙara bayyana daga 1976, sa'ad da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa ya cika azuzuwa maƙil, alhali ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, abin da malaman jihadi suka riga suka aikata.

Kammalawa

Idan yaron Liba ya faɗi jarrabawa, wajibi ne mu tambayi kanmu ko hanyar koyarwa ce ta gaza kafin mu ce daƙiƙi ne, domin sau da yawa wannan kalma ce take mayar da shi gona ko talla. Muna ba kwalejojin horon malamai shawara su koya wa ɗalibansu abu uku daga wannan tarihi: a karkasa aji gwargwadon inda kowa ya kai, kada a yi ƙari sai an gane na baya, kuma a yi bayani da harshen da yaro yake ji. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.