Gudu a Gaba, Kariya a Baya: Nazarin Haɗari da Matakan Kariya a Tseren Motocin Kasuwa na Amurka, 1949 zuwa 1970

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda gudu ya riƙa yi wa matakan kariya fintinkau a tseren motocin kasuwa na Amurka, daga tseren farko na 1949 zuwa 1970. An dogara da sakamakon tsere da aka adana da rubuce-rubucen masana tarihin wasan, aka fi mayar da hankali a kan mace-macen shekarar 1964 da ƙauracewar direbobi ta 1969. Maƙalar ta nuna cewa ƙarancin fasaha bai isa ya bayyana jinkirin da aka samu ba. Abin da ya fi bayyana shi shi ne yadda aka raba iko: masu yanke hukunci daban, masu shiga motar daban.

Gabatarwa

Abin da ake nufi da motar kasuwa a nan shi ne irin motar da kowa zai iya shiga shagon dillali ya saya, ya kai iyalinsa unguwa. A kan wannan tunani Bill France ya gina ƙungiyar NASCAR, bayan taron da ya kira a otal ɗin Streamline da ke Daytona Beach, jihar Filorida, a watan Disamba na 1947. Dabarar kasuwanci ce mai kyau ƙwarai. Ɗan kallo yana so ya ga Ford ko Oldsmobile irin tasa tana gwabzawa a fili. Sai dai motar da aka ƙera domin zuwa kasuwa ba a ƙera ta domin ta daki katanga tana tsala gudu ba, kuma wannan saɓani shi ne jigon abin da za a tattauna.

Masana irin su Neal Thompson da Daniel Pierce sun yi bayani mai gamsarwa a kan tushen wasan a cikin masu fasa-ƙwaurin barasar gida na kudancin Amurka, don haka ba za a daɗe a nan ba. Misali ɗaya ya wadatar. A tseren farko na motocin kasuwa zalla, wanda aka yi a Charlotte ranar 19 ga Yuni, 1949, Glenn Dunaway ne ya riga kowa isa, amma aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, saboda an taɓa sifirin ɗin bayan motar Dunaway irin yadda masu dakon barasa suke yi. Darasin da makanikai suka ɗauka tun ranar farko shi ne cewa idon masu duba mota yana kan duk abin da zai ba wani fifiko a kan abokan tserensa. Abin da zai kare ran direba bai samu irin wannan kulawa ba sai daga baya.

Motar da filin

Yana da kyau mu leƙa cikin motar farkon shekarun 1950. An manne fitilun gaba da salatif don kada gilashi ya tarwatse. An ɗaure ƙofa da bel na fata ko igiya don kada ta buɗe a kwana. Direba yana zaune a kujerar da motar ta zo da ita daga masana'anta, sanye da riga mai gajeren hannu da wando na yau da kullum, a kansa hular kwano mara kauri. Wani ya ɗaure ƙugunsa da ɗamarar jirgin sama da ya saya a gwanjon kayan soja, wani da igiya kawai. Wasu sukan yanke 'yar ƙofa a daɓen motar su ɗaura mata igiya. Idan mota ta miƙe a hanya sai direba ya ja igiyar ya leƙa tayar gaba ta dama, wadda ita ce ta fi shan wahala a kwana, ya ga ko zarenta ya fara fitowa. Tankin mai kuwa gwangwanin ƙarfe ne a can baya, daidai inda ake dukan mota.

A ƙananan filayen jar ƙasa, inda zagaye ɗaya bai wuce rabin mil ko mil guda ba, wannan shiri yakan kai mutum gida, domin ƙasar kanta tana rage gudu. Abin ya sauya da aka fara shimfiɗa kwalta. Filin Darlington na Karolina ta Kudu ya buɗe a 1950 da tseren mil 500, motoci 75 suka tashi, tayoyi suka yi ta fashewa har aka shiga neman na aro. Johnny Mantz, wanda motarsa Plymouth ba ta cikin masu gudu, shi ya ci, saboda ya sa tayoyi masu tauri irin na manyan motoci. Tun daga ranar ta bayyana cewa taya ce raunin motar kasuwa.

A 1959 France ya buɗe babban filin Daytona: mil biyu da rabi, da kwanoni da aka gina a karkace har digiri 31, yadda direba zai shiga kwana ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba. A wannan shekara gudun motocin sahun gaba ya kai kimanin mil 140 a awa, wato kilomita 225. A 1964, da kamfanin Chrysler ya kawo injinsa na Hemi, Paul Goldsmith ya yi kusan mil 175 a awa, kimanin kilomita 281. A nan lissafi yana da abin faɗa. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, saboda haka ƙarin kashi 25 cikin ɗari a gudu yana nufin ƙarin kusan kashi 56 cikin ɗari a ƙarfin da dole ya ƙare a wani wuri idan an yi karo: a jikin katanga, a jikin ƙarfe, ko a jikin mutum. Cikin shekara biyar aka yi wannan tsalle, alhali tanki da taya da tufafin direba suna nan kusan yadda suke. Gargaɗi bai yi ƙaranci ba. A 1960 motoci 37 suka yi karo lokaci guda a wani tsere a Daytona, a 1961 kuma motocin Lee Petty da Johnny Beauchamp suka fasa shinge suka faɗa wajen fili.

Shekarar 1964

Joe Weatherly shi ne zakaran 1962 da 1963. Ranar 19 ga Janairu, 1964, a filin Riverside na Kalifoniya, motarsa ta daki katanga ta gefen direba. Ɗamarar ƙugu kaɗai ya ɗaura, babu ta kafaɗa, tagar kuma a buɗe take, sai kansa ya fita ya bugi katangar. Nan take ya rasu. Dalilin ƙin ɗamarar kafaɗa, a wurinsa da wasu takwarorinsa, abin lura ne: tsoron wuta. Sun ga abin da tankin mai yake yi, suna ganin gara mutum ya iya fita da sauri a kan ya zauna ɗaure a cikin mota mai ci da wuta. Wannan ba wauta ba ce. Haɗari ɗaya da aka bari ba a magance ba shi ya sa suka ƙi maganin wani.

Wata huɗu bayan haka abin da suke tsoro ya auku a gaban dubban 'yan kallo. Ranar 24 ga Mayu, a tseren mil 600 na Charlotte, tun ba a yi nisa ba motocin Ned Jarrett da Junior Johnson suka gogi juna. Glenn Roberts, wanda aka fi sani da laƙabin Fireball, kuma shi ne tauraron wasan a lokacin, ya yi ƙoƙarin kauce musu, motarsa ta juya ta daki katangar ciki da baya, ta kife, tanki ya fashe, mai ya kwarara cikin motar. Jarrett ne ya fito daga tasa motar ya jawo shi. A wancan zamani kariyar da ake da ita daga wuta ita ce a tsoma tufafi a ruwan wani sinadari a shanya, Roberts kuwa yana da ciwon asma wanda sinadarin ke tayar masa, don haka bai tsoma nasa ba. Ya ƙone a mafi yawan jikinsa, ya yi jinya ta sama da wata guda, ya cika ranar 2 ga Yuli yana da shekara 35.

Wasu direbobi biyu kuma sun mutu ne ba a tsere ba, a wurin gwajin taya: Jimmy Pardue a Charlotte cikin Satumba 1964, Billy Wade a Daytona cikin Janairu 1965. Ina ganin mutuwarsu ta cancanci a tsaya a kanta fiye da yadda aka saba. Babu ɗan kallo, babu kofi. Mutane ne da aka ɗauka su yi gudu har taya ta nuna iyakarta, domin kamfani ya san inda iyakar take.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun yi amfani matuƙa. Kamfanin Firestone ya fitar da tankin da ke da jakar roba a cikinsa, wadda takan lanƙwashe maimakon ta tsage. Kamfanin Goodyear ya fitar da taya mai wata tayar a cikinta, yadda idan ta waje ta fashe mota za ta zauna a kan ta ciki har direba ya samu ya rage gudu. Tufafin da ba sa kama wuta da wuri suka maye gurbin na tsomawa, kejin ƙarfen da ke kewaye da direba ya ƙara ƙarfi, aka sa ƙarafa a ƙofa. Tambayar da ta dace da manazarci ita ce: yaushe aka san waɗannan dabaru? Jiragen yaƙi sun yi amfani da tanki mai rufin roba tun Yaƙin Duniya na Biyu, shekara ashirin kafin haɗarin Roberts, haka ma ɗamarar kafaɗa. Ilimin yana nan. Abin da aka yi bayan 1964 ihu ne bayan hari.

Ko raga ta taga, wadda da ta yiwu ta ceci Weatherly, ba ta zama dole ba sai bayan Mayu 1970, lokacin da motar Richard Petty ta yi ta wuntsilawa a Darlington, aka gan shi a talabijin hannunsa yana reto ta taga.

Wa ke da ta cewa?

A wancan zamani direban NASCAR ba ma'aikacin ƙungiyar ba ne. Ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa, abin da ya ci a tsere shi ne rabonsa, idan ya ƙi shiga mota akwai goma masu jira. Sau biyu direbobi suka nemi su haɗa kai a wannan zamani. A 1961 Curtis Turner ya yi yunƙurin shigar da su ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters. France ya kore shi tare da Tim Flock, ba a ɗage korar Turner ba sai 1965. Adalci ya sa a ambata cewa Turner yana da tasa buƙatar ta kuɗi a cikin lamarin, amma saƙon ya isa ga kowa.

Karo na biyu ya fi bayyana matsalar. A Satumba 1969 aka buɗe filin Talladega a jihar Alabama, wanda ya fi Daytona tsawo da karkata. A lokacin gwaji tayoyi suka riƙa kumbura suna ɓarewa bayan 'yan zagaye kaɗan, har Firestone ya janye tayoyinsa. Sabuwar ƙungiyar direbobi, wadda Richard Petty ke shugabanta, ta nemi a ɗage tseren har a samu taya mai jure gudun. France ya ƙi. Matsayinsa shi ne direba yana da ƙafa, idan yana tsoro ya rage gudu, har ma ya shiga mota da kansa ya zagaya filin don ya nuna babu matsala. Manyan direbobi suka kwashe motocinsu suka tafi, France ya cike gurbinsu da ƙananan motocin da suka yi tsere a jajibirin ranar, Richard Brickhouse ya ci. An gama ba tare da mummunan haɗari ba, kuma masu kare France suna kafa hujja da haka. To amma an yi ta tsayar da gudu lokaci-lokaci domin a sauya tayoyi, wanda shi kansa amincewa ce da ƙorafin direbobin. Shawarar a rage gudu kuwa ba ta da gindi a wasan da ake biyan mutum gwargwadon yadda ya riga wasu. Ƙungiyar direbobin ba ta yi tsawon rai ba. Wata shida bayan tseren, a Maris 1970, Buddy Baker ya haura mil 200 a awa a wannan fili cikin Dodge Charger Daytona.

Akwai wata hujja daga masana tattalin arziki da ya kamata a saurara. Sam Peltzman ya yi hasashe a 1975 cewa idan aka ƙara wa direba kariya yakan ƙara ganganci. Russell Sobel da Todd Nesbit sun gwada hasashen da bayanan NASCAR a 2007, suka ga alamar haka, amma suka ga cewa jimillar raunuka ta ragu duk da hakan. Wato hujjar tana bayyana halin direba, ba ta wanke jinkirin hukuma.

Abin da ya biyo baya

Kejin ƙarfe ya hana mota murƙushe direba, jakar roba ta rage gobara, raga ta tsare kai a ciki. Sai haɗarin ya koma inda ido ba ya gani. Mota mai tauri ba ta shanye ƙarfin karo, miƙa shi take ga wanda ke ciki. Ɗamara ta riƙe gangar jiki, kai da nauyin hular kwano su ci gaba da tafiya, ƙashin gindin ƙoƙon kai ya karye. Robert Hubbard da Jim Downing sun ƙera na'urar HANS mai tallafe kai da wuya tun shekarun 1980. Irin wannan karaya ta kashe Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper a 2000, ta kashe Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu, 2001. NASCAR ta wajabta na'urar tallafe kai da wuya a Oktoba 2001, makonni biyu bayan Blaise Alexander ya mutu da irin wannan rauni a Charlotte, filin da Roberts ya ƙone.